Yawon Jidda da jagora Bahaushiya: a biya kuɗin Balad, a bar na mota

Duk wanda ke zaune a Jidda ya san wannan hidimar. Baƙi sun zo daga gida, sun yi Umra, sun je Madina sun dawo, saura 'yan kwanaki jirgi ya tashi, sai a dube ka a ce, "To, a kai mu mu ga gari mana." Abin da akasarinmu ke yi bai wuce a kai su kasuwa su sayi abaya da dabino da turare ba, a tsaya a Albaik a ci kaza, da daddare a leƙa bakin teku a ɗau hoto. Su koma gida suna cewa sun ga Jidda.

A wannan karon ƙawayena na makarantar kwana ne suka zo, su huɗu, waɗanda muka tashi tare tun muna 'yan mata a Zariya. Tunda yanzu bizar Umra ba ta ɗaure mutum a Makka da Madina kaɗai ba, sai suka ware ƙarshen tafiyar don hutu zalla. Ni kuwa aikin asibiti ba ya ba ni sararin tsara yawo, kuma ban so mu ɓata yinin da na samu a cikin tasi muna tambayar hanya. Wata abokiyar aikina, Bahaushiyar Gadarif ta ƙasar Sudan, ita ta ba ni labarin wata mata da ke zagayawa da baƙi cikin gari, ita da ƙanenta mai tuƙa mota. Ta WhatsApp ake yin komai. Tsari biyu gare su: akwai yawon tsohon gari, wato Balad, da ƙafa, akwai kuma babban tsari, wanda za a ɗauke ku a masauki bayan La'asar, a yi Balad, a ci abincin dare, a zaga Kornish, wato titin bakin teku, a mayar da ku wajen tsakar dare. Babban muka ɗauka. Hukuncina tun daga nan shi ne, rabin farko ya fi ƙarfin kuɗin da muka biya, rabin biyu kuwa bai kai ba.

Matar za ta yi shekara hamsin da 'yan kai. A Jidda aka haife ta, haka ma mahaifiyarta, amma da ta buɗe baki ta ce "Sannunku da zuwa, Hajiyoyi, ya gajiyar ibada?" sai ka rantse daga wani ƙauyen Katsina ta fito jiya. Hausarta irin ta tsofaffi ce, mai nauyi, sai dai "ya'ani" da "yalla" da "khalas" da ke faɗowa a tsakiya. Katin lasisinta na jagorar yawon buɗe ido na rataye a wuyanta, kuma ina ba kowa shawara ya nemi ganin wannan katin kafin ya ba wani kuɗi, don masu cewa sun san gari suna da yawa. Mu dai Yaya muka riƙa kiranta, ita kuma ta riƙe "Hajiyoyi" har muka rabu.

Ta ƙofar Bab Jadid muka shiga Balad, daga arewa. Ba ta fara da shekaru da sunayen sarakuna ba. Bangon wani gida ta kai mu inda shafen ya ɓantare, ta ce kowa ta sa hannu ta shafa. Dutsen yana da kaushi da ƙananan ramuka, har ga alamar ƙwaryar wata halittar ruwa a manne a jikinsa. Ta ce wannan dutsen murjani ne, daga bakin tekun nan ake haƙo shi, ana ce masa mangabi. Ba shi da nauyi, amma ba shi da ƙwari, kuma gishiri da damshin Jidda na cin sa, shi ya sa ake lulluɓe shi da farar ƙasa. Sai ta nuna mana katakan da aka shimfiɗa a kwance cikin bangon, jeri bisa jeri, tsakaninsu kamar kamu biyu. Su ke rarraba nauyin ginin, su hana shi tsagewa idan ƙasa ta motsa, kuma saboda su magini zai iya zare dutsen da ya ruɓe ya sa wani ba tare da an rushe sama ba. Ɗaya daga cikinmu, wadda ta karanta zanen gine-gine, ta tsaya shiru tana kallo, can ta ce, "Yaya, ai aikin azara ke nan a ginin ƙasa." Yaya ta yi murmushi ta ce kakanta ma haka ya faɗa.

Daga nan aka ɗaga kai sama, aka shiga zancen rawashin, tagogin katako masu fitowa daga jikin bene, wasu kore, wasu shuɗi, wasu ruwan ƙasa. Na sha wucewa ta ƙarƙashinsu, ina ɗaukarsu ado ne. Ashe aiki suke yi. Katakon ba na nan ba ne, jiragen ruwa ke kawo shi daga Indiya da tsibiran gabas, irin wanda ba ya jin damshi. Ƙananan ramukan da aka sassaƙa suna tace rana, su bar iskar teku ta ratsa ɗaki, matan gida kuma su zauna a ciki suna ganin titi ba a ganinsu. A nan ake jera tulunan ruwa su sha iska su yi sanyi. Ta shigar da mu wani gida da aka buɗe wa baƙi, ta sa muka zauna a cikin roshan ɗin da kansa, wato ɗaya daga rawashin, a kan shimfiɗa, ta tura wani ɓangaren katakon sama da hannu ɗaya. Iska ta shigo, hayaniyar kasuwa ta shigo, muna kallon kawunan masu wucewa a ƙasa. Babu na'urar sanyi a ɗakin, amma zufar da muka shigo da ita ta bushe. Wannan zaman kaɗai ya isa a ce an zo.

Tarihin ma ba ta zuba shi gaba ɗaya ba, a hankali take sakinsa, inda ya dace. Ta ce Sayyidina Usman bin Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, kafin nan Shu'aiba ake sauka. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye garin da ganuwa saboda tsoron jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka zo a 1517 suka koma ba su ci nasara ba. Ganuwar ta tsaya har 1947 da aka rushe ta don gari ya faɗaɗa. Manyan benayen da muke gani kuwa, yawancinsu arzikin bayan 1869 ne, lokacin da aka buɗe mashigin Suwez, jiragen tururi suka riƙa zubo alhazai da kaya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya. Unguwannin huɗu ne na asali, Sham da Mazlum da Yaman da Bahar, kuma tana gaya mana duk lokacin da muka tsallaka daga wata zuwa wata, abin da mutum shi kaɗai ba zai taɓa lura da shi ba, don lungunan kamarsu ɗaya ga baƙo.

A ƙofar Baitu Nasif muka fi daɗewa. Gidan an gama shi a 1881, kuma a nan Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya shigo Jidda a 1925. Matakalarsa mai faɗi ce, ba ta da tsayin taki, an yi ta ne yadda raƙumi zai iya hawa da kaya har sama. Amma abin da ya ɗauke hankalin ƙawayena shi ne itacen da ke tsaye a ƙofar gidan, darbejiya, irin wadda ke kowace makarantar firamare a Arewa. Yaya ta ce akwai zamanin da mutanen Jidda ke kwatance da ita, a ce "gidan da ke da bishiya," saboda ƙarancin itatuwa a garin da ruwan sha ma sai an sayo. Muka tsaya muna kallon darbejiya kamar ba mu taɓa gani ba. Daga can ta bi da mu ta Kasuwar Alawi zuwa Masallacin Shafi'i, wanda ake lissafawa cikin mafi tsufa a garin, da hasumiyarsa da ta shekara ɗaruruwa a tsaye.

Akwai ƙananan abubuwa da ke nuna wanda ya san aikinsa. Da Magariba ta gabato ba mu ce mata komai ba, ita ta karkata da mu zuwa inda ke da sashen mata da wurin alwala mai tsabta, muka isa kafin a tayar. Babbarmu tana fama da gwiwa. Tun a mota Yaya ta lura da yadda ta sauko, sai ta riƙa tsara tsayuwarta ta bayani a inda akwai dakali ko benci, ba tare da ta nuna don wa take yi ba. Da gajiya ta yi yawa ta samo mata ɗaya daga ƙananan motocin lantarkin da ke yawo cikin Balad. Ta kuma hana mu ɗaukar hoton wasu mata da ke zaune a ƙofar gidansu, cikin ladabi, ta ce, "Hajiya, a bar su, gidansu ne." Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai kuma gaskiyarta. Wata cikinmu ta zo da burin ganin kabarin Nana Hauwa'u, don tun a gida ake ce mata a Jidda yake. Wani jagoran da sai ya kai ta bakin katanga ya ce ga shi nan, a yi addu'a a wuce. Yaya ta ce akwai maƙabarta mai wannan suna kusa da Balad, mutanen garin sun gaji labarin kaka da kakanni, amma babu aya ko ingantaccen hadisi da ya tabbatar, kuma ginin da ke kan wurin an daɗe da rushe shi. Ta ce in muna so a bi ta gefen a gani daga waje, amma ba za ta ce mana ga abin da ba ta da hujja a kansa ba. Ƙawar tawa ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Allah Ya saka da alheri, gara da kika faɗa."

Inda ta gama da mu shi ne wajen Bab al-Bunt, tsohon ginin da alhazan teku ke shigowa ta cikinsa. Yau teku ta yi nisa da wurin saboda cikon ƙasa da aka yi, sai an gaya maka za ka san ruwa ya taɓa zuwa nan. A nan ta ba mu labarin kakanninta. Da ƙafa da jaki suka taso daga ƙasar Hausa, suka ratsa Barno da Chadi da Darfur, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri. Sun yi shekaru a Sudan suna aikin auduga a gonakin Jazira kafin su tara kuɗin jirgi, sannan suka tsallako daga Sawakin. A hanya aka haifi wasu, a hanya aka binne wasu. Ta tuna mana da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Ta ce da yawa daga Hausawan Makka da Jidda da Madina ta wannan hanyar iyayensu suka biyo. Unguwar da ta girma a ciki, a kudancin gari, tana cikin waɗanda aka rushe a aikin da aka fara a ƙarshen 2021, tare da su Karantina da Sabil da Gulail. Ba ta ja zancen ba, ta dai ce maƙwabtan da suka shekara hamsin ƙofa da ƙofa yanzu sai a waya.

Muna tsaye sai na ga ɗaya daga ƙawayena tana share hawaye da gefen mayafi. Ƙanen kakanta ya tafi Hajji da ƙafa tun kafin a haifi mahaifinta, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A gidansu sunansa kawai ya rage, ana sa wa yara. Yaya ta kama hannunta ta ce, "'Yar'uwa, in ya iso, ta nan ya shiga. In bai iso ba, niyyarsa ta iso. Allah Ya jiƙansa." Muka ce amin. Wannan ba abin da za ka samu ba ne a wurin jagoran da ke bayani da Turanci ko Larabci, komai iliminsa, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Ciye-ciyen cikin Balad ma ta iya zaɓe. Ta saya mana balila, wani dafaffen wake, mai zafi da tsami da ɗan yaji, ta kuma nuna mana mai sayar da sire, tsiren da Hausawa suka kawo Hijaz har ya zama abincin gari, da ƙuli-ƙulinsa da komai. Ƙawayena sun ce yajin bai kai na gida ba, amma ba su bar ko yanka ɗaya ba.

To, daga nan labari ya sauya.

Motar mai kujera bakwai ce, mu biyar ga Yaya ga direba, ta cika maƙil. Sanyin bai kaiwa kujerun baya, kuma duk wanda ya san damshin Jidda ya san abin da hakan ke nufi ga mace cikin abaya. Ƙanen nata mutumin kirki ne, mai natsuwa a tuƙi, ba ni da ƙorafi a kansa. Amma da muka fito daga Balad, maimakon a nufi abinci, sai aka tsaya da mu a wani shagon turare da ba ya cikin tsarin da aka turo mini. Aka kawo shayi, aka shiga kunna turaren wuta kala-kala, mai shago na ta "Hajiya, gwada wannan." Ka san halinmu da kunya, an ba ka shayi an zaunar da kai, fita hannu rabbana sai ya yi nauyi. Biyu daga cikinmu suka sayi abin da ba su yi niyya ba, a farashin da na san ya fi na kasuwa. Kusan awa guda ta tafi a nan.

Wannan awar ita ta rusa sauran daren. Daren Juma'a ne, wato Alhamis da dare, farkon hutun mako a nan, kowa ya fito da iyalinsa. Gidan kifin da ta kai mu yana da kyau, ba zan rage masa komai ba: najil soyayye da shinkafar sayadiyya mai launin ƙasa saboda albasar da aka soya ta yi duhu, da miyar tsamiya a gefe. Sai dai a nan muka gano kuɗin abincin ba ya cikin abin da muka biya. Saƙon da aka turo ya ce "da abincin dare," mu muka fahimci an haɗa, su kuma nufinsu za a tsaya a ci. Kuɗin ba shi ne damuwar ba, rashin fayyacewar ne, musamman ga baƙin da suka riga suka ƙarar da riyal ɗinsu a tsaraba.

Kornish kuwa a guje muka yi shi, in ma za a kira tafiyar cunkoso gudu. Maɓulɓular Sarki Fahad, wadda aka ƙaddamar a 1985, mai harba ruwan teku sama fiye da mita 260, ta cancanci a shimfiɗa darduma a zauna a gabanta da shayi. Mu an ba mu 'yan mintuna, aka ce a hau mota. Masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa har yakan zama kamar yana yawo a kan teku idan ruwa ya cika, yana can arewa da nisa sosai. Kafin mu isa dare ya raba, ƙafafu sun kumbura, babbarmu ma ba ta fito daga mota ba. Na kuma lura Yaya kanta ba ita ba ce a wannan ɓangaren. Matar da ta sa muka shafa bango muka zauna a taga, a nan sai ta koma karanto shekara da tsawo ta gilashin mota: ga sandar tuta mai mita 171, ga hanyar tseren motoci da aka fara a 2021. Ba laifinta ba ne sosai. Sabuwar Jidda ba ta buƙatar mai bayani, kowa da waya a hannu zai iya kiran mota ya je.

Washegari na rubuta mata duk wannan, ban ɓoye komai ba. Amsarta ta ƙara mata daraja a idona. Ba ta yi musu ba. Game da abinci ta ce za ta gyara rubutun saƙon. Game da shagon turare ta ce yawancin baƙinta daga Najeriya da Nijar su ke roƙon a kai su, har ya zame mata al'ada. Na yarda da ita, don na san mutanenmu da tsaraba. Amma na ce mata a riƙa tambaya tukuna, kuma in akwai wani abu da mai shago ke ba ta, a faɗa a fili, ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Ta ce in sha Allahu.

Ga wanda zai nemi irin wannan hidimar, ko wurinta ko wurin wani, shawarata ita ce ya ɗauki yawon Balad kaɗai, ya ce a ba shi lokaci isasshe, daga bayan La'asar har bayan Isha'i, don da rana tsaka zafi ba ya barin tafiya, shaguna da yawa ma a rufe suke. A tambaya tun farko waɗanne gidaje ne a buɗe a ranar, domin aikin gyara na gudana a Balad, gidan da aka shiga wannan watan ana iya tarar da shi a kewaye da allunan gini wata mai zuwa. A sa takalmi mara tsini, ƙasan lungunan ba daidai yake ba. In da hali a zo tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar garin ke da sauƙi, a kuma guji Alhamis da Juma'a da dare in ba a son turmutsutsu. Wanda ke Makka ba sai ya kwana a Jidda ba: jirgin ƙasa na Haramain, da ya fara aiki a 2018, zai sauke shi a tashar Sulaimaniyya, daga nan Balad ba nisa. Kuɗin jagora kuwa, in an kai mutum huɗu ko biyar aka raba, ba zai fi abin da kowa ke kashewa a abaya ɗaya mai kyau ba. Kornish a bar shi zuwa wata ranar daban, a je da darduma da fulas ɗin shayi, ba tare da kowa na duba agogo ba.

Surukata na nan tafe bayan Sallah, ita da ƙanwarta, dukansu sun manyanta. Na riga na gaya wa Yaya: Balad kawai, a tanadi motar lantarki tun daga ƙofa, a fara da Bab al-Bunt tun suna da ƙarfi, don su ma akwai nasu da ya tafi ta Sudan.